Wai shi ma teku sai an biya kafin a gan shi?

Baban Khalifa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun washegarin Sallah, na ce bari in kawo shi nan ko zan ji sanyi. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗinki a Agege, yarana huɗu duk a Legas aka haife su, amma ba wanda ya taɓa ganin teku da idonsa. Bara da muka je gida Kazaure 'yan uwansu suka kewaye su suna tambaya, wai yaya teku yake, da gaske ne ba a ganin ƙarshensa? Khalifa ya sunkuyar da kai. Tun ranar na yi musu alkawari.

Muka fita bayan asuba, uwarsu ta zuba shinkafa da soyayyen naman layya a kula, mota uku muka hau kafin mu kai wajen Lekki. Tun daga titi muna jin rugugin ruwan, iska mai gishiri tana bugun fuskokinmu, amma doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe. Mai gadi ya ƙirga mu, mu shida, ya faɗi kuɗin kowane kai. Ya dubi kular ya ce ita ma da nata kuɗin. Da na lissafa sai na ga ya haura ladan ɗinkin kaftani biyu, ga kuɗin motar komawa. Muka bi katangar a ƙafa wajen rabin awa muna neman ko lungu ne da zai fitar da mu bakin ruwa. Duk inda muka leƙa ƙofa ce da mai karɓar kuɗi. Ƙarshe sai na ɗora autar a wuyana ta hango ruwan ta saman katanga, ta ce, "Baba, ga shi can, yana motsi!" A gindin wata bishiya a bakin titi muka ci shinkafar.

Tambayata ga masu ilimi a cikinku: bakin teku na waye? Ana sayar da shi ne kamar fili?

Maman Zainab, Idi-Araba:
Wayyo. Wallahi har na ji ƙwalla a wajen autar nan. Allah ya ba da haƙuri, Baban Khalifa.

Dattijon Obalende:
Wa alaikumus salam. Ɗana, da ka zo garin nan a zamaninmu da ba ka sha wannan wahala ba. Na sauka Ikko a 1974. Bar Beach yana nan a gefen titin Ahmadu Bello a Victoria Island, ba katanga, ba ƙofa, ba wanda zai tambaye ka ko kwabo. Ranar Lahadi da yamma daga Obalende muke takawa. Za ka ga 'yan coci masu fararen riguna suna addu'o'insu a gefe guda, mutanenmu masu tsire da masu dawakai a wani gefen, ga Inyamurai, ga Yarbawa, ga Turawa, kowa da tabarmarsa. Direban minista da ministan kansa rairayi ɗaya suke takawa. Wurin yana da nasa baƙin tarihin, don a nan sojoji suke harbe 'yan fashi a gaban jama'a, a nan aka harbe ƙasurgumin ɗan fashi Oyenusi a 1971 kafin zuwana. Amma dai wuri ne na kowa.

Yanzu je ka duba. An cike ruwan da yashi an kafa sabon birnin Eko Atlantic a kai. Inda nake shimfiɗa tabarma yau ko hango shi ba zan iya ba sai na wuce masu gadi.

Injiniya Ɗan Funtuwa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina so in ƙara wani abu don a yi adalci. Bar Beach ba kwace shi aka yi rana ɗaya ba, teku ne ya daɗe yana cinsa. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka jera manyan duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. To a gaɓar nan igiyar ruwa daga yamma take kwaso yashi tana kai shi gabas. Da duwatsun suka tare shi, sai ya taru a ɓangaren yamma, ɓangaren Bar Beach kuwa ya daina samun sabo, ruwa yana ɗiba ba mai mayarwa. Gwamnatoci sun yi ta zuba yashi ruwa yana kwashewa, har ya kai ga ambaliya tana hawa titin Ahmadu Bello tana shiga gine-gine. Katangar duwatsun da aka yi wa Eko Atlantic, wadda aka tsara ta kai kilomita 8 da rabi, ta tare wannan ambaliya, wannan gaskiya ne.

Abin da ni ban yarda da shi ba shi ne a ce don an kare gari daga ruwa sai jama'a su rasa bakin ruwan gaba ɗaya. Filin da aka tsara cikewa ya kai kusan murabba'in kilomita 10. A cikin wannan faɗin ba a rasa inda za a yanka wa mutanen gari wurin shan iska kyauta ba, a madadin wanda suka rasa.

Alhaji Ɗan Canji:
Ni dai zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Na san Bar Beach a ƙarshen zamaninsa, kuma ba wurin da mai mutunci zai kai iyalinsa ba ne. Bayan gida a fili, fasassun kwalabe, 'yan iska masu fizgar jaka, mashaya. Wanda ya zuba kuɗinsa ya share wuri, ya gina banɗaki, ya sa fitilu, ya ɗauki masu ceton wanda ruwa ya ja, ya biya masu gadi, ta ina zai mai da kuɗinsa in ba a ƙofa ba? Baban Khalifa, ka yi haƙuri, amma kai ma ba ka ɗinki kyauta. Kuma tekun nan ba rafin Kazaure ba ne. Kowace shekara yana cin mutane, galibi irin yaranmu da ba su iya iyo ba. Ƙofar nan da kuke kuka da ita tana kare rayuka.

Baban Khalifa, Agege:
Alhaji, ban ƙi ta taka ba. Amma ni yadin da nake ɗinkawa wani ne ya saƙa, zaren ma saya nake yi. Shi mai ƙofar, shi ya yi ruwan? Ban nemi kujerarsa ba, ban nemi banɗakinsa ba. Tsayawa kawai nake so yarana su yi su taɓa ruwan da ƙafa.

Maman Zainab, Idi-Araba:
Alhaji yana da gaskiya a maganar tsaro, mu mata mun fi kowa sani. Ba zan kai 'yan matana inda ba mai tsawatarwa ba. Amma ai tsaro aikin hukuma ne. Kasuwar Mile 12 ma akwai ɓarayi, an taɓa cewa sai ka biya dubbai kafin ka shiga sayen tumatir? In wuri ya lalace gyara shi ake yi.

Barista Ɗan Zariya:
Bari in amsa tambayar farko gwargwadon abin da doka ta ce. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora duk filin da ke cikin jiha a hannun gwamna, kuma kalmar da ta yi amfani da ita ita ce amana: ya riƙe don amfanin dukkan 'yan Najeriya. Takardar mallaka da mutum yake samu izinin zama ne na wasu shekaru, galibi 99. Matsalar ita ce dokar ba ta ce duk wanda aka ba fili a bakin teku dole ya bar wa jama'a hanyar wucewa zuwa ruwa ba. Mai ƙofar nan in ka kai shi kotu ba zai ce tekun nasa ne ba. Cewa zai yi filin da za ka taka kafin ka isa tekun nasa ne. A nan gizo yake saƙar. Ruwa naka ne, amma hanyar zuwa ta wani ce.

Wannan rigima an yi ta a Amurka. A jihar Kalifoniya doka ta ce duk rairayin da ruwa yake jiƙawa in ya cika na jama'a ne, kuma tun 1976 suna da dokar gaɓar teku da hukumar da ke kula da hanyoyin shiga. A 2008 wani hamshaƙin attajirin harkar kwamfuta, Vinod Khosla, ya sayi filin da ke bayan wani bakin teku da ake kira Martins Beach, daga baya ya kulle hanya ɗaya tilo da ke sauka wurin. Masu wasan igiyar ruwa suka kai shi ƙara. Kotunan jihar suka ce ba shi da ikon rufewa ba tare da izinin hukumar ba. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, a 2018 ta ƙi sauraronsa. Mutum mai biliyoyin daloli ke nan. Abin da ya ba talakawan can nasara shi ne suna da rubutacciyar doka da za su nuna wa alƙali.

Ɗan Maraɗi a Marsey:
Barista, sannu da ƙoƙari. Mu a Nijar ba mu da teku, sai da na zo Faransa na fara ganinsa, shi ya sa labarin yarinyar nan ya shige ni. Nan ma akwai wuraren 'yan kasuwa a bakin ruwa, masu kujeru da lema da abinci mai tsada. Amma ga yadda suka tsara. Bakin teku dukiyar ƙasa ce, ba a sayar da shi. Ɗan kasuwa haya ake ba shi, kuma ƙa'idar 2006 ta ce a rairayin da Allah ya yi dole a bar kashi 80 cikin 100 fili ba gini ba kujerun haya. Ko a gaban kujerunsa ma sai ya bar wa mutane inda za su wuce a bakin ruwa. Sannan tun 1976 akwai dokar da ta ce in gidanka ko gonarka tana bakin teku, mita 3 daga gaɓa hanyar masu tafiya a ƙasa ce.

Ranar hutuna burodi da kifin gwangwani nake sawa a jaka, in shimfiɗa zanena kusa da masu biyan kuɗi. Su a kujera, ni a ƙasa, ruwan ɗaya ne. To Alhaji, ka ga ɗan kasuwa bai yi asara ba, ni ma ba a kore ni ba.

Anti Nas, Ingila:
Nan Ingila ma ba haka kawai suka samu ba. Filaye da yawa na manyan masu gado ne, kuma a 1932 ma'aikatan masana'antu daga Manchester suka haura tsaunin Kinder Scout da gangan duk da hanin masu fili, har aka ɗaure wasu daga cikinsu. An daɗe ana ja kafin a yi dokar 2000 da ta buɗe tsaunuka da dazuzzukan kiwo, sai ta 2009 da ta ba da umarnin a yi hanyar ƙafa ta kewaye gaɓar Ingila duka, wajen mil 2,700. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne in ruwa ya cinye gaɓa, a wurare da yawa hanyar matsawa take yi ciki, ba sai an sake sabuwar shari'a da mai fili ba. Akwai ranar da na fito daga aikin dare raina a jagule, wani majinyaci ya rasu a hannuna. Na hau jirgin ƙasa na je bakin ruwa na yi ta tafiya awa biyu, ba wanda ya ce mini daga ina. Mai ɗinki a Agege ma yana da ranakun da yake buƙatar irin wannan.

Malam na Alaba Rago:
Bismillah. Masu kawo misalin Turai Allah ya saka, amma mu ma ba a bar mu a duhu ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Musulmi abokan tarayya ne a cikin abubuwa uku: ruwa da ciyawa da wuta. Malaman fiƙihu kuma sun yi magana a kan harimi, wato filin da ke kewaye da rijiya ko kogi wanda ba a yarda wani ya mallake shi ya hana masu ɗiban ruwa da masu shayar da dabbobi ba. Hikimar a fili take: in an bar maka rijiya aka toshe inda za ka tsaya ka ja guga, me aka bar maka?

Kuma ku 'yan Arewa kun san wannan a aikace. Me ya sa kakanninmu suka yanka burtali a tsakanin gonaki, suka dasa masa aduruku ko cini-da-zugu a gefe don kada a ci iyakarsa? Don shanu su isa mashaya ba tare da sun shiga amfanin wani ba. Manomi yana da gonarsa, makiyayi yana da hanyarsa. Da aka fara nome burtali ana toshe mashaya, kun ga abin da ya biyo baya.

Sai dai ina jan hankali: neman haƙƙin zuwa bakin teku daban, abin da za ka je yi daban. Kai iyali su ga ikon Allah abu ne mai kyau. A kiyaye wuraren baɗala.

Alhaji Ɗan Canji:
Allah gafarta Malam, misalin burtalin nan ya kama ni. Kuma gaskiya na tuna Jidda, bayan aikin Hajji mun je bakin ruwa da daddare, ga iyalai sun shimfiɗa darduma suna shan shayi, tsaf-tsaf, ba wanda ya karɓi ko riyal ɗaya. Amma har yanzu ina da tambaya. Wa zai share? Wa zai biya mai ceto? In an buɗe gobe aka bar shi ba mai kula, wata shida ya isa ya koma juji.

Mai Doki:
Salamu alaikum. Ban iya dogon rubutu ba amma abin a jikina yake. Shekara tara ina ɗora yara a doki a bakin teku, mahaifina ma sana'arsa ke nan tun Bar Beach. Da can ka kawo dokinka ka yi aikinka. Yanzu kullum sai na biya kafin in shigar da shi, ko an samu ciniki ko ba a samu ba, ga dusa ga harawa da ake kawowa daga Arewa da tsada. Mai tsire da mai gyaɗa da mai kwakwa duk haka. Wanda ba ya iya biya ya bar sana'ar.

Alhaji, mu muke shara da safe kafin baƙi su zo, don doki ba ya taka kwalba. Masunta kuma su suke fitar da wanda ruwa ya ja, na gani da idona ba sau ɗaya ba. A ba mu wuri a gani in za mu bari ya lalace.

Injiniya Ɗan Funtuwa:
Mai Doki ya taɓo inda ya fi ciwo. Maganar ta wuce shan iska. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mutane daga Tarkwa Bay da ƙauyukan kusa, aka ce saboda masu fasa bututun mai. Kafin nan an rushe Otodo-Gbame a 2016 da 2017, ƙauyen masunta ne a bakin ruwan Lekki. Sannan a ƙarshen Afrilun 2024 katafila ta shiga Landmark Beach saboda titin Legas zuwa Kalaba mai kilomita 700. Shi wannan wurin masu kuɗi ne, mai ƙofa da tikiti, amma bai tsira ba. Ga shi kuma titin ta bakin ruwa yake bi a wannan sashe. Abin da nake so mu tambaya tun yanzu: in an gama, ta ina mai ƙafa zai tsallaka ya isa ruwa? Gadar sama nawa aka tanada? In ba a sa su a zane ba, bayan an zuba kankare magana ta ƙare.

Ɗan Nima, Akra:
Mu ma nan Gana, bakin tekun Labadi sai ka biya. Yaran Nima da Mamobi da yawa sai ranar Sallah suke ganin ruwa, su ma sai an yi musu karo-karo. Ashe ciwon ɗaya ne.

Barista Ɗan Zariya:
Ɗan Nima, a nahiyarmu ma akwai inda aka gyara. A Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata alluna ake kafawa a rairayi cewa na farar fata ne kaɗai. A 1989 babban limamin coci Desmond Tutu ya jagoranci mutane suka je irin waɗannan wurare da gangan, kafin ƙarshen shekarar gwamnatin Shugaba de Klerk ta buɗe su. A 2008 suka yi dokar da ta ce gaɓar teku dukiyar 'yan ƙasa ce, hukuma riƙon amana take yi, kuma ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin ware hanyoyin shiga.

Alhaji, amsar tambayarka tana cikin abin da Ɗan Maraɗi ya faɗa. Ɗan kasuwa ya ci gaba da sayar da kujera da abinci da wurin ajiye mota. Daga kuɗin hayar da yake biyan gwamnati a ɗauki masu shara da masu ceto. A rubuta a takardar izininsa cewa zai bar hanya mai faɗin da mutum biyu za su wuce, daga titi har ruwa, ba ƙofa. Legas tana da gaɓa wajen kilomita 180. Ba wanda ya ce a rushe wa kowa gini.

Alhaji Ɗan Canji:
In haka ne ba ni da ja. A biya kuɗin kujera, a bar rairayi. In za a rubuta takarda zuwa majalisar jiha a Alausa, a sa sunana, kuɗin bugawa ma na ɗauka.

Maman Zainab, Idi-Araba:
A sa maganar banɗakin mata da wurin alwala a ciki don Allah. Kuma kada a yi ta da sunan Hausawa kaɗai, maƙwabciyata Bayarbiya ce, a Legas aka haifi kakarta, jikokinta ma ba su taɓa zuwa ba.

Barista Ɗan Zariya:
Haka za a yi, Hajiya. Zan tsara daftarin in turo nan ranar Juma'a kowa ya duba. Baba na Obalende, ina roƙon ka ba mu labarin Bar Beach a rubuce ko a murya, za mu haɗa da shi.

Dattijon Obalende:
Jikana zai ɗauki muryata ya turo maka. Ina da hoto ɗaya ma na 1978, ni da marigayiya a kan rairayin, in na samo shi a akwati.

Mai Doki:
Baban Khalifa, kafin takarda ta yi aiki, akwai ƙauyen masunta can gaba da Aja inda nake kai dokina wanka ranar Asabar da sassafe. Mutanen sun san ni, gaisuwa kawai ake yi musu. Ka kawo yaran. Amma sharaɗi ɗaya: ba mai shiga ruwa ya wuce idon sawu, kuma hannun autar yana cikin naka, don ruwan nan ja yake yi ta ƙasa ko da ka gan shi a kwance. Ku taho da kayan canji da ruwan sha.

Baban Khalifa, Agege:
Allah ya saka da alheri, ɗan uwa, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Khalifa saƙonka, yana tambaya wai dokin fari ne ko ja. Zan tura maka lambata ta gefe. Ƙarfe nawa za mu same ka a tashar Aja?

Mai Doki:
Ja ne, mai farin goshi. Ƙarfe bakwai in sha Allah.